Ƙasa a Bakin Duro

Ranar da ma'aikatan council, wato ƙaramar hukumar gari, suka manna jar takarda a ƙofar ɗakin da Latifa da Celestina ke haɗa abincin dabbobi a unguwar Cheetham Hill, kafin la'asar labari ya gama zaga gidajen Hausawan Manchester. Kamar yadda aka saba, kowa sai da ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Wasu suka ce guba aka zuba. Wasu suka ce karnukan Turawa ne suka mutu birjik. Gaskiyar ba ta kai haka ba, amma ita ma ba ta da daɗin ji.

Dabbar da ake magana a kanta feret ce, wata 'yar doguwar aba mai kama da tunku, wadda Turawa ke ajiyewa a gida suna shafawa kamar kyanwa. Mutanenmu tunkun Turawa suke ce mata. Nama kaɗai cikinta ya sani. Ka ɗora ta a kan wake ko gyaɗa, to ka ɗora ta a hanyar lahira, don tsakuwa ke taruwa a mafitsararta har fitsari ya gagara. Latifa ta san haka sarai, a kan abincin dabbobi ta yi digirinta na uku, shi ya sa a jikin kowace jaka da suke sayarwa aka rubuta cewa nama ne zalla, ba hatsi, ba wake. Kwatsam sai ga feret suna mutuwa a wani gidan kula da su da ke Erdington, can Birmingham. Aka gwada abincin, aka tarar da wake da gyaɗa jingim a ciki. A ƙasar nan kuwa, ƙarya a jikin jakar abinci, ko da na dabba ne, laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

Sunan Celestina ne a jikin jakar a matsayin mai ɗaukar alhaki. 'Yar Kafanchan ce, Kirista, kuma ita kaɗai ke haɗa abincin tun da Latifa ta kwanta haihuwa. In aka kama ta da laifi, visa ta tafi, sai ta tattara 'yarta 'yar firamare wadda ba ta san wata ƙasa ba sai wannan, su koma. Jama'a kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. Ai ita ce. Wa zai yi in ba ita ba?

Sai aka tuna da Ashafa, Latifa ta buga masa waya.

Ashafa kawun Latifa ne, ƙanen mahaifiyarta. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne a ƙasar Gusau, shi ma ya taɓa aikin kafin boko ya kawo shi Ingila, inda ya ƙare ƙuruciyarsa a wani kamfanin abincin dabbobi yana bin diddigin kayan da suka ɓaci har zuwa inda ɓarnar ta faro. Yanzu ya yi ritaya. Abin da ya rage masa shi ne gwiwa mai ciwo, da likitan da ke masa faɗa a kan sukari, da 'yan tukwanen rama da yakuwa da yake lallaɓawa a bayan gida. Ba ya son a tashe shi. Amma ina, Bahaushe ba ya barin mai sana'a ya huta, ko ɓatan makulli aka yi sai an ce a kira Mai-sawu.

Ya tarar da Latifa a falon gidanta a unguwar Levenshulme, ido ya kumbura. Tiyata aka yi mata wajen haihuwa, ta daɗe ba ta miƙe sosai ba.

"Kawu, wallahi ban sa wake ba. Formula ɗin ni na rubuta shi. Kaza ce, da hanta, da man kifi, da garin nama. Shi ke nan."

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ni da Celestina. Sai Alhaji Muhsin, tunda ɗakin a cikin warehouse ɗinsa yake, inda yake ajiye kayansa. Taufiq direba ma yakan karɓa in zai ɗauki kaya."

Hajiya Raki, yayar Ashafa, ta fito daga kicin goye da jaririya, ta ajiye masa kunun gyaɗa. Wankan jego ya kawo ta daga gida, da visa ta ziyara. Latifa 'yar farinta ce, kuma Hajiya mutuniyar da ce: ba ta kiran sunanta, ba ta kallon idonta, ba ta yi mata magana kai tsaye sai dole. In tana son ce mata ta ci abinci, sai ta gaya wa bango.

"Ka gaya wa uwar yarinyar nan ta daina kuka," in ji ta, tana duban Ashafa. "Kuka yana ƙafar da nono."

"Ta ji, Yaya."

"Allah Ya bayyana gaskiya," in ji Latifa.

Hajiya ba ta ce amin ba, ta koma kicin. Ashafa bai kawo komai a ransa ba, don ya san ko addu'ar 'yar fari ba ta amsawa a gaban mutane.

Celestina a flat ɗinta ya same ta, ta fara jera akwatuna a gefen kujera. Abin ya sosa masa rai ƙwarai.

"Tun yanzu?"

"Baba, ni ba yarinya ba ce. Na ga yadda ake kallona. Jiya na gai da matar Alhaji a tasha, ta juya kai kamar ta ga kashi."

"Ke kika zuba?"

"Ban zuba ba."

"To yaya aka yi hancinki bai gaya miki ba? Garin nama da garin wake ai ko makaho ya bambance su."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Tun korona ban ƙara jin wari ko ƙanshi ba. Ko gas ya zube a gidan nan sai 'yata ta gaya mini. Na dai ga garin ya ɗan ƙara maiƙo, na ce ko supplier ɗin da ke kawo mana shi ne ya canza haɗi. Buhu yana zuwa, in juye a babban duro da yamma, washegari in ɗiba in haɗa. Abin da na sani ke nan."

"Yaushe mutanen council za su yi miki tambayoyi?"

"Ran Litinin. Sun ce in zo da lauya."

Ya dube ta. Ya ga masu laifi da yawa a rayuwarsa, kuma yawancinsu sukan cika baki da rantsuwa. Wannan ba ta rantse ba ko sau ɗaya, gajiya kawai ta yi.

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, gwiwa tana masa tsiya tun daga tashar Piccadilly. Gidan feret ɗin yana bayan babban titin Erdington, wani tsohon gareji da aka cika da keji. Mai wurin, Lovelyn, wata dattijuwa ce da iyayenta suka zo daga Jamaica, hannunta duk tabon cizo. Da ta ji ko shi wane ne, ta so ta rufe ƙofa. Sai da ya ce shi ma mai laifin yake nema ta bar shi ya shiga.

Warin wurin ya buge shi. Ta ɗauko wani farin feret daga keji, cikinsa a aske, ga ɗinki a jere. Abin ya lafe a hannunta, idanu a lumshe.

"Wannan ya tsira," in ji ta da Turanci. "'Yan'uwansa ba su tsira ba. Ka taɓa jin kukan dabbar da ke son yin fitsari ta kasa? Ni na ji. Na saya ne saboda abin da aka rubuta a jaka. Su manyan kamfanoni sai su rubuta maka nama da dangoginsa, ba za su ce na wace dabba ba, kuma doka ta yarda. Yaran nan kuwa suka rubuta komai dalla-dalla, na ce ga masu gaskiya. Ni da hannuna na zuba musu."

Ashafa ya roƙi ragowar abincin, ta kawo masa a kwano. Ya murƙushe ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ya shinshina. Man kifi ya danne komai. Ya ɗora a harshe, Lovelyn tana kallonsa kamar ta ga mahaukaci. Can ƙarƙashin ƙarnin kifin ya ji abin da harshensa ya sani tun yana yawo ba wando.

Ƙuli-ƙuli.

Ba gyaɗar Bature ba ce ta masana'anta. Gyaɗa ce da aka soya, aka matse, aka sake soyawa, aka daka. Ko wane ne ya yi wannan aiki, ɗan gida ne, kuma ya san cewa dakakken ƙuli da garin wake in an gauraya su sukan ba da kalar garin nama.

A jirgin komawa ya yi ta juya abin. Celestina ma ta san ƙuli, 'yar Arewa ce. Bai fitar da kowa ba, bai kama kowa ba, ga shi ya ɓata yini guda da kuɗin jirgi.

Alhaji Muhsin ɗan kasuwa ne mai ƙiba da fara'a, irin fara'ar da ba ta kai ido. Buhunan wake da gyaɗa da ƙuli ne cike da warehouse ɗinsa, shi ke raba wa shagunan 'yan Afirka. An kuma san ya daɗe yana son karɓe ɗakin da ya ba yaran haya.

"Malam Ashafa, ni kake zargi?" Ya dafe ƙirji. "Haba! In ina son ɗakina ai notice ɗin tashi zan ba su. Yanzu fa council sun sa mini ido, kullum sai sun leƙo. Wa zai cinna wa gidansa wuta don ya kori ɓera?"

Maganar ta shiga. Ashafa ya bar shi ya nufi Taufiq, wanda ke goge motar kaya a bakin ƙofa. Ɗalibi ne a jami'a, yana ɗan taɓa tuƙi don ya rufa wa kansa asiri. A ƙasan motar, tsakanin katako da ƙarfe, akwai farin gari da ya maƙale.

"Wannan fa?"

"Garin wake ne, Baba. Ina kai wa wani restaurant a Erdington, suna ƙosai."

"Da ƙuli?"

Taufiq ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. "Wani lokaci."

Ashafa ya sa ya faɗi sunan wurin, ya buga musu waya a gabansa. Suka ce su ba sa ƙosai, ba su taɓa yi ba. Taufiq ya sunkuyar da kai, zufa tana tsattsafo masa duk da sanyin Manchester.

"Ƙarya ka yi mini, ɗana."

"Baba, don Allah ka bar maganar nan. Wallahi ban zuba komai a abincin kowa ba."

"To wa kake karewa?"

Shiru. Ashafa ya san irin wannan shirun. Ba na ɓarawo ba ne, na yaron da aka yi wa tarbiyya ne, wanda ya gwammace a doke shi da ya kama sunan babba. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Ɗakin haɗa abincin a rufe yake, amma a tsakar bayan warehouse ɗin, kusa da manyan kwandunan shara, an jingine shuɗin duron roba da ake zuba garin nama. Ma'aikatan council sun kwashe abin da ke ciki sun bar shi. Ashafa ya durƙusa da ƙyar, yana tsine wa gwiwarsa a zuci. Mahaifinsa yakan ce kada ka dubi inda saniya ta taka, dubi abin da ta taka. Ya bi bakin duron da na murfinsa da yatsa, cikin ɗan kwarmin da suke haɗuwa.

Ƙasa ce ta fito a farcensa.

Ya duba tsakar wurin. Siminti ne ko'ina, har titi. Ba ƙura ba ce, ƙasa ce da aka jiƙa aka cuɗa ta da hannu, ta bushe a lungun da ruwa bai kai ba, sawu a kan sawu, alamar ba sau ɗaya aka yi ba. Wa ke wanke duro da ƙasa a garin da sabulu ya fi ruwa araha? Sai wanda ya yi imani cewa najasa mai nauyi ta taɓa shi, irin wadda ake wa wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Kirista ba za ta yi haka ba. Mai son cuta ma ba zai yi ba, me ya dame shi da tsarkin duro?

Ya baje ƙasar a tafin hannu ya kai ta haske. Baƙa ce, da jan yashi, da wasu 'yan fararen ɓarɓashi. Ɓawon ƙwai ne dakakke. Mutum ɗaya ya sani a duk Manchester da ke haɗa ƙasar shuka haka, kuma shi ne ke durƙushe a wurin. Tukunya ɗaya tak ya taɓa bayarwa kyauta, ta yakuwa, ranar da yayarsa ta sauka, don ta riƙa ganin abin gida.

Ya daɗe a durƙushe. Ba gwiwar ce ta hana shi tashi ba.

Da yamma ya biya Levenshulme. Latifa tana barci a sama. Hajiya Raki tana bayan gida tana shanya kayan jaririya, tukunyar yakuwar tana gefen ƙofa, ƙasar cikinta ta yi ƙasa sosai har saiwa ta fito fili.

"Yaya, yakuwar nan tana son ƙarin ƙasa."

Ta dubi tukunyar, ta dube shi. Ta ci gaba da shanya.

"Ran Lahadi za a taru a ofishin Alhaji Muhsin," in ji shi. "Ran Litinin kuma yarinyar nan Celestina za ta je gaban hukuma. Tana da 'ya."

"Na sani."

Ya jira. Ita ta goye shi yana ƙarami, ita ta sayar da awakinta aka saya masa akwatin tafiya makaranta. Ya so ƙwarai ta ce wani abu, ko da zagi ne. Ba ta ce ba, shi ma ya kasa, ya yi sallama ya tafi.

Ran Lahadi bayan azahar ofishin Alhaji Muhsin ya cika. Ga Latifa, ga Hajiya da goyo a can kusurwa, ga Taufiq a tsaye bakin ƙofa, ga wasu dattawan gari biyu da ba a rasa su a irin wannan zama. Celestina ta zauna ita kaɗai, kujerun da ke gefenta babu kowa.

Alhaji ne ya buɗe da addu'a, sannan ya shiga abin da ya tara su. "Abin da ya faru ya faru. Shawararmu, 'yarmu Celestina ta amsa cewa kuskure ne daga wajenta. Mu kuma za mu haɗa mata lauya mai kyau. In ma abin ya kai ga tafiya, ba za mu bar ta ta tafi hannu rabbana ba."

"Na gode, Alhaji," in ji Celestina. "Har kun saya mini tikiti ke nan."

Ashafa ya miƙe, ya ajiye murfin duron a kan tebur.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zargi Alhaji, na ga ba shi da riba a ciki. Na zargi Taufiq, ya yi mini ƙarya, amma ƙaryar kara ce. Celestina kuwa ba ita ba ce, ga shaida." Ya nuna bakin murfin. "Wanda ya yi wannan abu, duk lokacin da aka juye garin nama, sai ya zo da safe ya kwashe ya zubar a shara, ya wanke duron da ƙasa, sannan ya cika shi da garin wake da ƙuli. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ɗauka alade ne a ciki, yana tsoron kada wani nasa ya ci haram. Ba zan kama suna ba. Mai abin yana jina."

Taufiq ya rufe fuska da hannu.

"Ku bar yaron nan," in ji Hajiya Raki daga kusurwa. "Ni na sa shi ya kawo mini buhunan, na ce kada ya faɗa. Bai san abin da zan yi da su ba."

Latifa ta juya a hankali. "Inna?"

Hajiya ba ta dube ta ba, Ashafa take kallo. "Da uwar yarinyar nan ta kwanta, na ga aiki ya yi wa abokiyarta yawa, sai na riƙa ɗaukar makulli ina zuwa da sassafe in share musu wuri. Ran nan na ga buhu, na ce wa yaron nan ya karanta mini, naman wace dabba ce. Ya ce ba a rubuta ba. Na ce yaya za a sayar da nama ba a faɗi dabbarsa ba? Ya ce a nan doka ta yarda, zai iya zama komai, har alade. Ashafa, daga ranar ban ƙara barcin kirki ba. Da kuɗin nan ake sayen abincin da take ci, da shi nono ke zuwa, da shi jaririyar nan ke girma. Na ce dabba ai dabba ce. Awakinmu da ƙuli da kowar wake muke kiwonsu, har su yi ƙiba."

"Kaza ce da zomo, Inna!" Latifa ta fashe da kuka. "Ina da takardar supplier, ni na zaɓe shi saboda haka! Me ya sa ba ki tambaye ni ba? Kalma ɗaya fa! Muna gida ɗaya!"

Da wane baki Hajiya za ta dubi 'yar fari ta ce, ke, alade kike sayarwa? Ta gwammace ta yi ta ɗaukar buhu da tsufanta da ta yi wannan rashin kunya. Kowa a ɗakin ya fahimci haka ba sai an faɗa ba, har Celestina. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi, tunda abin na gida ne, sai a rufa asiri. In Hajiya ta je gabansu, za su ce ta yi aiki da visa ta ziyara, ga kuma wannan. Ba za ta ƙara shigowa ƙasar nan ba. Tsohuwa ce, ga jika." Ya juya wajen Celestina da murmushi. "'Yata, ke yarinya ce, kina da sauran ƙarfi…"

Duk idanu suka koma kanta. Abin kunya, har na Latifa, na ɗan lokaci kaɗan, kafin ta sunkuyar da kai.

"Hajiya ta ba ni tuwo da hannunta," in ji Celestina a hankali. "Ta yi wa 'yata kitso. Ina son ta, Allah Ya sani. Amma ba zan ɗauka ba."

Alhaji ya dubi Ashafa. "Malam, yayarka ce fa. Ciki ɗaya."

"Na fi ka sani," in ji Ashafa. Ya ɗauki murfin duron ya rungume a hammata, don ya ga yadda Alhaji ke kallon murfin kamar mai son ɓatar da shi. Ya ji tsufa ya sauko masa gaba ɗaya a wannan yammacin, har ya yi da-na-sanin ɗaga wayar Latifa tun farko.

Ran Litinin da safe ana yayyafi suka tsaya a bakin ofishin council. Ba wanda ya tilasta wa Hajiya. Ita ta buga masa waya bayan asuba ta ce ya zo ya ɗauke ta, ta kuma sa mayafinta na zuwa biki. Celestina tana tsaye nesa kaɗan da lauyanta. Latifa ta ƙi fitowa daga mota.

"Dabbobin nan," in ji Hajiya, "ka gan su da idonka?"

"Na ga waɗanda suka rage."

"Sun sha wuya kafin su mutu?"

Ya so ya ce a'a. "Sun sha, Yaya."

Ta gyaɗa kai, hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Na guje wa abin da babu shi, na ɗauki hakkin rai. Su ma Allah zai tambaye ni."

Ta kwance goyon, ta sumbaci jaririyar a ka, ta daɗe tana shinshinar wuyanta. Sannan ta taka har inda Celestina take, ta miƙa mata ita.

"Riƙe mini, 'yata. Ki yafe mini kwanakin da na yi shiru ina kallo ana zaginki. Wannan ya fi ƙulin muni."

Celestina ta karɓi yarinyar, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

A bakin ƙofar gilashin Hajiya ta tsaya ta kama hannun rigar ƙanenta, kamar yadda take kama shi in za su tsallaka titi yana yaro.

"Kai za ka juya musu maganata da Turanci. Duk abin da na faɗa, ka faɗa. Kada ka rage ko kalma ɗaya, na san halinka."

Ashafa ya kau da kai. Tun a mota yake tsara abin da zai rage.

"To, Yaya," in ji shi, ya tura mata ƙofar.